Layin Ƙarshe da Fentin Ruwa

Ni mutumin fentin mai ne, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Duk wanda ya shigo shagona ya ce a rubuta masa allon da zai kafa a waje, sai ya sha wa'azina kafin in buɗe gwangwani. Fentin ruwa, wanda masu sayarwa ke kira akirilik don ya yi daɗi a kunne, yana bushewa kafin ka gama wanke hannu, ba shi da wari, ruwan famfo ya ishe shi. Amfaninsa ke nan, daga nan ya ƙare. Fentin mai kuwa, inamel, jarababbe ne. Warinsa har maƙogwaro, sai da tina, ruwan narkar da fenti, yake sakin buroshi, idan ka shafa yau sai gobe za ka taɓa, kuma ƙuda ɗaya ya isa ya ɓata maka aikin wuni. Amma idan ya kama ƙarfe ya kama ke nan. Akwai allon wani mai gyaran agogo da na rubuta shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Mai agogon ya rasu, shagon ya koma na takalma, allon yana nan yana ƙyalli yana kiran mutane su kawo agogo. Wannan labarin nake ba duk mai gardama, kuma yawanci a nan gardamar ke mutuwa.

Mutum ɗaya ce ta fi ƙarfin wa'azina, ita ce Umma, mahaifiyata.

Yayana ne ya koya mini wannan sana'a. Dogo muke ce masa, har Umma, don tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake sunkuyawa a ƙofar ɗaki. Inda ni sai na taka tsani, shi miƙa hannu kawai yake yi. Bahago ne, kuma idan zai ja dogon layi riƙe numfashi yake yi har buroshi ya kai ƙarshe, sannan ya sauke shi da ƙarfi kamar wanda ya ajiye buhu. Idan na karkatar da harafi ba ya yi mini faɗa. Sai ya tsaya ya karkatar da kansa ya karanta, ya ce, “Auta, wannan masu ciwon wuya ka rubuta wa?”

Shekara goma sha biyu ke nan da ya sami aikin fenti a jiragen ruwa na dakon kaya ya tafi. Shekara biyu yana kira. Daga nan sai shiru. Kamfanin ya ce ya sauka a wata tashar jirage bai koma ba, iyakar abin da suka sani ke nan. Ba mu ji ya mutu ba, ba mu ji yana raye ba. Lambar wayar da ya sani ta Baba ce, ita kuwa ta bi Baba, don bayan rasuwarsa aka rufe layin, duk zaryar da na yi ta tashi a banza. Abu ɗaya ya rage wanda Dogo ya sani game da mu: ƙofar gidan da muka tashi a ciki.

Sai mai gidan ya sayar da gidan.

Wani tela ne ya saya, mutumin kirki mai yawan surutu, ya ce zai fasa ƙofa a ɗakin gaba ya yi shago. Ɗakin gaba kuwa ɗakin Dogo ne. Ranar tashi an gama loda kaya, direba yana ta danna ham, Umma ta zauna a kan dakalin ƙofa ta ce ba inda za ta.

“Idan ya dawo ya buga ƙofar nan, wa zai buɗe masa?”

Tela ya ce, “Ni mana, Mama. Zan kawo miki shi har gida da ƙafata.”

Ta ce, “Kai mutum ne. Kana fita, kana barci, kana mantuwa. Auta, rubuta masa.”

Na leƙa motar na zaro wani falanki da gwangwanin fentin ruwa, don shi ne zai bushe kafin direba ya ƙare haƙuri. A tsugune na rubuta abin da ta faɗa, layi huɗu:

DOGO, MUN TASHI.
BAYAN TASHAR MOTA, LAYI NA UKU,
GIDA MAI KOREN ƘOFA.
UMMA TANA JIRANKA.

Na ce a sa lambar wayata a ƙasa, ta ce ɗanta ba kira zai yi ba, zuwa zai yi. Na buga ƙusa huɗu a bango gefen ƙofa, na ce mata wannan na wucin gadi ne, mako mai zuwa zan yanko ƙarfe in yi na gaske da fentin mai.

“Shi na man shekara nawa yake yi?”

“Goma, Umma. Har ya fi.”

Ta dube ni kamar na zagi wani nata. “Goma? Wa ya ce maka ɗana zai kai goma? Bar wannan. Kafin ya koɗe ya dawo.”

Bangon nan yamma yake kallo. Rana ta gasa shi wata takwas, ruwa ya zo ya ƙarasa. Kafin shekara ta zagayo baƙin ya koma toka-toka, falankin ya fara kumbura daga ƙasa. Na sake kawo maganar fentin mai, ta sake kore ni. Haka muka shiga wata al'ada tamu mu biyu. Duk ƙarshen damina sai ta sa kayanta masu kyau, ta sa in ɗauko mata kujera 'yar tsugune, mu tafi tsohon gida in bi haruffan da sabon fenti. Aikin awa ɗaya ne, amma Umma tana iya ja masa rai har la'asar. Ta ce wannan harafin bai fito ba. Ta ce in bari ya sha iska in ƙara. Tela ya kawo mata ruwa ya zauna yana ba ta labarin unguwa, wa ya aurar, wa ya tashi, ita kuwa tana amsa masa da “to” da “ikon Allah,” idonta yana kan kwanar da motoci ke sauke mutane.

Ni kuma ina ta mita. Ina cewa mai rubutun allo guda, wanda ake zuwa nema daga wasu unguwanni, ga allon gidansu kamar na mai sayar da gawayi. Ina cewa ranar aiki guda take cinye mini duk shekara. Gaskiyar ita ce ina ƙin ranar nan ne saboda wani dalili daban. Daga inda nake tsayawa ina hango cikin shagon Tela, keken ɗinkinsa yana daidai inda gadon Dogo yake. Kuma duk dogon mutumin da ya ɓullo daga kwana sai buroshina ya tsaya a iska. Ina jin haushin Dogo, wallahi ina ji, har na tsara maganganun da zan faɗa masa idan ya zo. Amma ina kewarsa fiye da yadda nake jin haushinsa, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Allon nan har cikin gidana ya yi mulki. Matata ta gaji da koren ƙofa, ta ce ko shuɗi ne a canza, ita kaɗai ce matar mai fenti da ba ta da ikon zaɓen launin ƙofarta. Umma ta ce ba komai, 'yar nan, ki zaɓi duk wanda kike so, in dai kore ne. Shekara takwas muna haka. Falanki uku na canza, fenti dai na ruwa.

A shekara ta tara ƙafafun Umma suka fara kumbura. Tana hawa matakala uku sai ta tsaya neman numfashi. Likita ya ja ni gefe a barandar asibiti ya yi mini bayanin zuciyarta da muryar da suke amfani da ita idan ba sa so a yi musu kuka a wurin aiki. Na koma na ce mata gajiya ce, a rage gishiri. Ta ce to.

Bayan kwana goma ina shago da hantsi, ina jan layi a allon wani mai wankin mota, sai ga ta a ƙofa, matata tana riƙe da hannunta. Umma ba ta shiga shagona, warin tina yana sa mata ciwon kai. Ranar ta shigo har ciki. Na kawar da gwangwanaye daga kan benci ta zauna, ta ce wa matata ta je ta yi cefanenta ta dawo. Ta daɗe tana kallon kantar da nake jera fenti.

“Wanne ne na man?”

Na nuna mata.

“Miƙo.”

Ta karɓi ƙaramin gwangwani ta juya shi a hannu, ta ɗaga ta ji nauyinsa kamar mai sayen kankana. “Da gaske yake kai goma, ko cikin kurin naka ne?”

“A kan ƙarfe, idan an yi shi yadda ya kamata, yana kaiwa.”

“To shi za ka yi bana.”

Shekara takwas ina jiran wannan magana, ina tsammanin ranar da ta zo zan yi dariya in ce ai na faɗa. Da ta zo, ban yi dariya ba. Na ce, “Umma, na ruwan ma ai yana yi. Mun saba.”

“Yau kuma kai ne lauyan na ruwa?” Ta yi murmushi. “Auta, gishirin da ka ce in rage na rage. Amma ni na haife ka. Fuskar da ka fito da ita daga wurin likita, ita ka shigo da ita ranar da ka fasa madubin babanka.”

Na ɗauki tsumma ina goge hannun da ba abin da ya taɓa.

Ta ce, “Ka yi layi uku na sama da na mai. Gidan yana nan, kana nan, ƙofar kore ce. Waɗannan za su kai goma. Na ƙasan ka yi shi da na ruwa.”

Nan mai sana'ar da ke cikina ya farka, na ji daɗin samun abin da zan yi gardama a kai. Na ce ba a haka. Fentin mai idan ya bushe santsi gare shi kamar farantin tangaran, na ruwa ba ya samun wurin kamawa. Zai zauna a kai ne kawai, damina ɗaya ta ɓare shi kamar ɓawon albasa. Duk wanda ya san aiki ya gani sai ya yi mini dariya.

Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, “Damina ɗaya?”

“Ɗaya. Wataƙila ma ba zai ga ƙarshenta ba.”

“Shi nake so.” Ta ajiye gwangwanin a gefenta. “Kai kake ba mutane labarin mai agogo kana alfahari. Ni duk ranar da na ji shi tausayin wanda ya ɗauko agogonsa ya zo nake ji. Ba na so yayanka ya sha wannan doguwar hanya, allo ya ce masa ina jiransa, ya taho da gudu ya tarar ba haka ba. Gara ya tarar da wurin babu komai, ya shirya zuciyarsa tun daga can. Idan na kai baɗi, mu je ka sabunta. Idan ban kai ba, ka bar shi.”

“Ai sai in je in goge, Umma, ba sai an…”

“Ba za ka iya ba. Na san ka. Za ka ce gobe, goben ta zama shekara. Kuma ba na so a ce da hannunka ka goge ni. Bar wa ruwa, shi ba uwarsa ba ce.”

Na ce to. Ta sa na maimaita, na maimaita.

Kwana shida aikin ya ɗauke ni, don fentin mai ba a yi masa gaggawa. Na yanko farantin ƙarfe na lanƙwasa bakinsa, na wanke shi da tina, na shafa jan fentin da ke hana tsatsa. Washegari na shafa fari, na rufe shago don ƙura. Washegari na bi shi da sanfefa mai laushi na ƙara fari na biyu, ya fito har ina ganin fuskata a ciki. Na shafa wa zare alli na ɗaure shi gefe da gefe na ja na saki, layuka suka fito. Sannan na buɗe akwatin da ban cika buɗewa ba na ɗauko buroshin Dogo mai dogon gashi, wanda nake ajiyewa cikin mai tun tafiyarsa. Da shi na rubuta layi uku da shuɗi mai duhu. Ban taɓa yin haruffa masu kyau kamar waɗannan ba, kuma na lura ina riƙe numfashi.

Saura wurin layi na huɗu, fari fes, faɗin tafin hannu.

Na zauna ina kallonsa har shayina ya huce. Na san abin da aka ce in yi, na kuma amsa da bakina sau biyu. Amma duk lokacin da na tuna yadda fentin ruwa ke ɓarewa a kan santsi, yadda yake tashi daga gefe ya nannaɗe ya faɗi, sai in ga kamar ni ne zan rubuta wa uwata wa'adi. Na ce a raina likita ba Allah ba ne. Na ce idan ruwan farko ya zo da ƙarfi ya wanke layin tana raye fa, ta ji labari, me zai yi wa zuciyarta? Dalilai dai ba su yi mini wuyar samu ba. Na ɗauki sanfefa na kashe santsin wurin nan har ya daina ƙyalli, na shafa masa siririn farin share fage irin wanda ke sa kowane fenti ya kama, na daidaita shi da sauran yadda sai wanda ya san aiki zai gane. Minti ashirin ne duka.

Ranar kafawa Umma ta sa kayanta masu kyau. Wannan karon kujera mai jingina na ɗauko mata, kuma mota ta kai mu har bakin ƙofa. Tela ya fito yana tafa hannu, ya ce yau bangonsa ya yi aure. Na cire tsohon falanki na ɗaura sabon da sukurori. Umma ta ce in matso da ita. Ta miƙa hannu ta shafa layin sama, inda sunan Dogo yake.

“Kai, santsi kamar tangaran ɗin kuwa.”

Na ga kamar hannun zai gangaro ƙasa, inda na kashe santsin. Bai gangaro ba, numfashinta bai bari ta daɗe a tsaye ba. Ta koma ta zauna, na buɗe baƙin fentin ruwa na rubuta UMMA TANA JIRANKA tana kallo. Fentin ya shiga wurin ya zauna daram, ni kaɗai na san dalili. Ranar ba ta ce wani harafi bai fito ba. Ta dubi allon, ta dubi kwana na ɗan lokaci, ta ce, “Yanzu hankalina ya kwanta. Mu tafi, Auta.” Ko azahar ba a yi ba.

Wata huɗu ta ƙara. Ta rasu da safe, ranar wata Talata, matata tana taje mata kai. Allah ya jiƙanta.

Damina ta zo da ƙarfi a shekarar, har rufin shagona ya yi yoyo. Duk ruwan da aka yi sai in ce wataƙila wannan ya ci layin, wataƙila aikin da na yi bai kai yadda nake tsoro ba. Ban je na duba ba. Idan aiki ya kai ni wajen tsohuwar unguwa sai in zaga ta bayan makaranta. Tela ya kira ni sau biyu, muka gaisa, na ji yana so ya faɗi wani abu, na ce ina kan tsani. Umma ta ce zan ce gobe, kuma goben nake ta cewa.

Bayan ruwa ya ɗauke, wata ranar Asabar da hantsi muna tsakar gida, sai muka ji ana buga ƙofa ana dariya. Tsohuwar maƙwabciyarmu ce, mai kitso, wadda ta bi 'yarta wani gari shekara shida da suka wuce. Ta shigo da ledar lemo a hannu tana ɗaga murya tun daga zaure.

“Ina mai jiran? Fito, ba Dogo ba ne, ni ce, sai ki yi haƙuri da ni.”

Matata ta dube ni, na dubi ƙasa. Matata ce ta yi ƙarfin halin faɗa mata. Matar nan ta tsaya, murmushinta bai gama sauka daga fuska ba, sannan ta zauna a ƙasa inda take, lemo ya gangara ƙarƙashin kujera. Da ta samu ta yi magana, ni ta kalla.

“Allon ne ya ce tana nan. Baƙin nan sabo fil, kamar jiya aka rubuta. Tun daga can nake sauri.”

Maƙwabciya ce kawai, shekara shida kawai, kuma tafiyar minti ashirin ta yi da wannan murnar. Na tsaya ina kallonta a ƙasa, amma Dogo nake gani.

Washegari na ɗauki reza, da tsumma, da kwalbar sifirit, da ƙaramin gwangwanin farin fentin mai, na tafi. Allon yana nan kamar ranar da na kafa shi. Shuɗin yana ƙyalli, baƙin kuwa ko gefen harafi ɗaya bai tashi ba. Tela ya leƙo, ya ga abin da ke hannuna. Ya koma ciki, na ji keken ɗinkin ya yi shiru.

Na fara daga ƙarshen layi, don ban iya farawa daga farkonsa ba. Da a kan santsi yake da farce ma ya isa. Amma aiki mai kyau na yi. Sai na jiƙa harafi da sifirit, in jira ya yi laushi, in kwantar da reza in bi shi a hankali don kada in ji wa farin ciwo, ya fito ɗan mitsi-mitsi yana manne mini a yatsu. Kowane harafi sai da ya ci kusan rabin awa. Rana ta juyo ta sami bayana. Mutane suna wucewa, wani ya tsaya ya tambaya ko sabon rubutu za a yi, na ce a'a. Da na iso kalmar farko, haruffa huɗu, na ajiye reza na je famfo na wanke fuska, na dawo na tsaya. Abin da ta so ta ɗauke mini ke nan. Ta shigo cikin warin tina da kumburarrun ƙafafu don kada in tsaya a nan, ni kuma na kawo kaina. Na yi kuka a bakin titi, mutum da furfura a gemu, ban damu da wanda ya gani ba. Sannan na ɗauki reza na ƙarasa.

La'asar ta yi lokacin da na goge wurin da tsumma na ja da baya zuwa tsakiyar titi, kamar yadda nake yi wa kowane aiki. Daga can layi uku ne, ƙasansu fari, babu komai. Yadda ta so.

Da na dawo kusa zan buɗe gwangwani in shafe wurin, sai na ga abin da ban yi tsammani ba. Shekara guda ta rana ta sa farin allon ya ɗan yi ruwan madara, amma inda baƙin ya rufe rana ba ta taɓa ba. Haruffan suna nan, fari a cikin fari, duk goma sha biyar ɗinsu, da sawun reza a gefensu. Taku uku baya ba a ganinsu. Sai wanda ya matso har numfashinsa ya taɓa ƙarfen, ya karkatar da kai ya bi haske.

Mai wucewa ba zai yi haka ba. Mai kitso ma ba za ta yi ba. Mutum ɗaya na sani wanda ba ya iya ganin allo bai matso ya duba hannun wanda ya rubuta ba, kuma shi ya san bambancin layin da ruwa ya ci da wanda aka bi da reza harafi bayan harafi. Idan ya zo zai san ta jira, zai san ta daina, zai kuma san wanda ya tsaya a nan ya goge.

Na daɗe da gwangwanin a hannu. Sannan na danna murfinsa da tafin hannu na mayar da shi jaka, na leƙa na ce wa Tela na tafi.